Bayani a kan warƙar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar Alƙalawa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, mun iso warƙar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya ba da labarin fitarsa daga cikin runduna a shekara ta huɗu bayan hijirar jama'a, cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati wanda ya tara a 1228, wato 1813. A sauran warƙoƙin na taƙaita ga fassarar kalmomi da warware i'irabin baitoci a gefe. A nan kuwa sai na tsaya in yi magana mai ɗan tsawo, don na ga ɗalibai suna rabuwa biyu idan anka zo wurin. Wasu su yi sauri su wuce kamar sun ci karo da aibin ubansu. Wasu kuma su riƙe warƙar kamar sanda, su ce to ga shi, ko Abdullahi ya shaida mayaƙa ɓarayi ne. Duk biyun ba su karanta abin da ya gabace ta ba.

Ka sani, ya kai ɗalibi, mutumin da ya juya wa runduna baya a 1222 shi ne wanda ya ja ta a Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, ranar da jama'a, da ƴan dawakinsu kaɗan da bakunansu, sunka karya Sarkin Gobir Yunfa da barade masu lifidi. Shi ne kibiya ta sama a ƙafa a yaƙin farko da anka kai bakin ganuwar Alƙalawa. Shi ne kuma ya ja mutane zuwa Birnin Kabi a 1805 har anka ci shi. Tun daga Ɗegel har Gudu bai rabu da wansa Shehu Usmanu ba, a wurinsa ya yi karatu, da shi ya yi yawon wa'azi a Zamfara. Idan irin wannan ya buɗe baki ya zargi mayaƙa, zarginsa yana da nauyin da maganar mai zama a zaure ba ta da shi, domin ya san ƙishirwar sahu da zafin dafin kibiya.

Abin da ya karya masa zuciya ya faro daga Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, a ƙarshen 1804. Gobirawa da Abzinawa sun auka wa jama'a, an ruwaito cewa kimanin mutum 2000 sunka kwanta, daga cikinsu wajen 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Raunin ƙafarsa ya hana shi halartar gumurzun. Kai da ke zaune gaban allo, lissafa da kanka. Shekara nawa yaro ke yi daga babbaƙu da farfaru kafin ya sauke, shekara nawa kuma yake tilawa da satu kafin a ce masa alaramma? Ninka wannan sau 200, ka ga abin da ƙasa ta shanye a yini ɗaya. Waɗannan su ne mutanen da sunka yi shekara da shekaru suna jin wa'azin Shehu, sun san hukuncin ganima da hukuncin amana tun kafin su ɗauki kwari. Da sunka tafi, gurbinsu bai zauna wofi ba. Masu shigowa sun shigo, cikinsu akwai mai neman lahira, akwai wanda Gobir ta zalunta yake son ramuwa, akwai makiyayin da ke kare garkensa, akwai wanda yunwa ta koro. Yunwar kuwa ta gaske ce. Jama'a sun bar gonakinsu a Ɗegel, ba su da rumbu, rundunar da ba ta da rumbu kuwa a rumbun wani take ci. Da anka koma Zamfara a 1805, Zamfarawa sun karɓe su da farko don tsohuwar gabarsu da Gobir, daga baya sunka juya, Muhammadu Bello da kansa bai ɓoye ba cewa cin zalin da wasu daga jama'a sunka yi musu yana cikin dalilan juyawar.

Sai abin da ya faru a Kwalde, a hanyar Alwasa, ƙarshen 1805. Garin yana cikin amana, ba ya yaƙi da kowa, mayaƙa sunka faɗa masa da wasoso. Abdullahi da Bello sun tsaya su hana, ba a saurare su ba, har Bello ya ji tsoron ransa a hannun mutanensa. Su biyun sun ga a koma, masu zafin kai sunka rinjaya, anka ci gaba, anka sha kashi a Alwasa, anka koro jama'a har bakin Gwandu. Ni a ganina a Kwalde Abdullahi ya fara barin rundunar a zuciya, ƙafarsa ce kawai ta jira shekara biyu.

To, a ƙarshen Rajab na 1222 anka fita zuwa Alƙalawa, watan Sha'aban ya tsaya suna kan hanya, wato wajen Oktoba na 1807. A nan ya ware da mutum biyar daga abokansa, ya fuskanci gabas da niyyar ziyarar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Sun yi kwana uku a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Dalilin da ya bayar shi ne ya ga zamani ya sake, ƴan'uwa sun karkata ga duniya suna gasa kan mulki da dukiya da girma, an yi sakaci da masallatai da makarantu. A ƙasidar da ya yi a kan wannan ya jera abin da ya gani: tara ƙwaraƙwarai, ado da tufafi da dawakin ƙawa, karɓar rashawa, kiɗe-kiɗe, da mafi muni, kai ƴaƴa kasuwa a sayar kamar bayi. Kuma lura da wani abu da masu riƙe warƙar kamar sanda suke tsallakewa, bai fid da kansa daga zargin ba, ya lissafa kansa cikin waɗanda cutar ta taɓa.

Mas'ala ta farko da ɗalibin fiƙihu zai tayar ita ce, wannan ba gudu daga yaƙi ba ne? Ai juya baya ranar gamuwa yana cikin manyan zunubbai bakwai masu halakarwa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya gudu haramun ne muddin Musulmi sun kai rabin adadin abokan gaba, ko sun kai 12,000. Amsa ita ce hukuncin yana rataye da lokacin da sahu ya fuskanci sahu, inda gudun mutum ɗaya ke buɗe kafar da za a kashe na kusa da shi. Abdullahi ya fita ana kan tafiya, ba a ga ƙurar abokan gaba ba. Wani zai ce, ai Abdullahi ɗan Ubayyu ma a kan hanya ya juya ranar Uhudu. Gaskiya ne, amma dubi yadda ya juya. Ya janye kusan sulusin runduna, mutum wajen 300, don ya raunana ta, kuma don an ƙi bin ra'ayinsa na a tsaya cikin Madina. Malam Abdullahi, da ya so, da ya ja ɗaruruwa, shi ne waziri, shi ne mai Kwatto. Ya ɗauki biyar, bai kira kowa ga tawaye ba, bai aika wa Yunfa da labari ba, bai nemi wata tuta ba. Haka kuma lamarinsa ya saɓa wa na Ka'abu ɗan Maliku da abokansa biyu da anka ƙaurace wa kwana 50 bayan Tabuka, domin su jinkiri da son inuwa ya zaunar da su, Ka'abu ma da bakinsa ya ce ba shi da uzuri. Wanda ya bar inuwar waziri ya shiga dajin giwaye ba hutu ya je nema ba. In ana neman wanda ya fi kama da shi cikin magabata, sai a dubi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdullahi ɗan Umar da Muhammadu ɗan Maslama, da sunka janye hannu lokacin da sunka kasa rarrabe inda takobi zai sauka, ko da yake ƙiyasin bai cika ba, don shi bai taɓa shakkar halascin yaƙi da Gobir ba. Shakkarsa a kan masu yaƙin take.

Duk da haka ba zan ce fitar ba ta da farashi ba. Runduna ta wayi gari babu wazirinta, kuma wanda ya fi kowa iya tsawata wa masu wasoso shi ne ya tafi. Talakan ƙauyen da ke kan hanyar rundunar a watan nan, da za a tambaye shi, ina jin zai fi son Malam ya zauna yana faɗa ko ba a ji, a kan ya tafi da tsarkinsa. Kuma waɗanda sunka zauna, da nagarinsu da miyagunsu, su ne sunka ci Alƙalawa a Oktoba na 1808 a ƙarƙashin Bello, anka kashe Yunfa, tsaron da Abdullahi ya zauna cikinsa yana rubuta littattafai a Boɗinga da Gwandu daga hannunsu ya fito. Mai karatu ya riƙe wannan tare da wancan.

Hajjin bai yiwu ba. Da ya iso Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen garin sunka tare shi, sunka roƙe shi ya koya musu yadda ake tsai da addini cikin mulki. Ya gaya musu abin da ya tarar a wurinsu shi ne abin da ya guda a baya. Sannan ya zauna, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsiri, har ya ba da labarin cewa sun farfasa kayan kiɗa, sun mai da kututturan ganguna akusan abincin dawaki. Daga nan ya koma yamma wurin wansa, ya ci gaba da jan runduna, har hayin Kwara ta ɓangaren Gurma. Wannan komawa ita ce ke ba fitar ma'anarta. Saɓaninsa ya zama littafi, littafin kuwa yana ɗauke da babi a kan jihadi da sharuɗɗansa da rabon ganima, wato ya mai da ƙorafinsa doka da za a iya kama mai laifi da ita.

A nan nake son in ja hankalin masu cewa girmama mayaƙi shi ne a yi shiru a kan abin da ya aikata. Wannan ba koyarwar Sira ba ce. Halidu ɗan Walidu, wanda Annabi ya yi wa laƙabi da takobin Allah, ya kashe mutane daga Banu Jazima bayan cin Makka bisa kuskuren fahimtar maganarsu. Annabi ya ɗaga hannu a bainar jama'a ya barranta daga aikin, ya aiki Aliyu da diyya har da ta ƙananan kayan da anka ɓata, kuma bai tuɓe Halidu daga jagoranci ba. Usamatu ɗan Zaidu, abin ƙaunarsa, ya sha faɗa mai tsanani don ya kashe wanda ya furta kalmar shahada a ƙarƙashin mashi. Suratu Ali Imrana ta faɗi a fili cewa son duniya ya sauko da wasu maharba daga dutse ranar Uhudu, a cikin surar nan kuma aka ɗaukaka shahidan ranar. Abdullahi a kan wannan turba yake. Mutumin da ya jera laifuffukan masu neman mulki shi ne ya yi marsiyya ga abokansa da sunka kwanta, yana kiran sunayensu da halayensu. Zafin zarginsa daga nan ya taso, yana ganin ana cin amanar matattu, ana sayar da abin da sunka saya da jininsu a kan riga da doki.

Ina faɗin haka ina sane da cewa cikin masu zama a zaurukanmu akwai wanda wansa ko ƙanensa ke sanye da kayan soja a Difa ko Tilaberi, akwai wanda anka kawo wa labarin rasuwa babu gawa. Irin wannan idan ya ji ana sukar soja sai ya ji kamar an taka kabarin ɗan'uwansa, kuma ina ba shi uzuri. Haƙƙin wanda ya tsaya a bakin daga yana kanmu: addu'a, kula da marayunsa, kame harshe daga yaɗa abin da ba a tabbatar ba, Suratun Nisa'i ma ta zargi masu watsa labarin tsoro ko na aminci ba tare da mai da shi ga ma'abota al'amari ba. Amma in an tabbatar an taɓa wanda ke cikin amana, to faɗinsa ga wanda zai iya gyarawa yana cikin haƙƙin sojan kirki shi kansa, don kada a haɗa shi da mai laifi a riga ɗaya.

Saura maganar kishin ƙasa. Zancen da ake yawan jingina wa Annabi cewa son ƙasa yana daga imani bai inganta ba, Sagani ya sa shi cikin ƙagaggu. Son mahaifa kuwa halitta ce, Annabi ya nuna shi ga Makka ranar da ya bar ta. Amma wace ce ƙasa a 1807? Shehu an haife shi a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a yankin da yau ke cikin jihar Tawa. Bagobirin da ya tsaya kan ganuwar Alƙalawa yana ganin garin ubansa yake karewa, kuma da yawansu suna salla. Mu nan muna karanta wannan littafi a Maraɗi, garin da Katsinawan da anka kora sunka kafa mulkinsu a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, da Tsibiri inda Gobirawa sunka tsaya bayan Gawakuke a 1836, yaƙin da Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda sunka mutu a cikinsa, da Damagaram da ke bin Barno. Kakannin masu riƙe da wannan warƙa sun tsaya a sahu dabam-dabam, wasu sun harbi wasu. Shi ya sa wata mas'ala da Abdullahi ya saɓa wa Shehu a kanta ta shafe mu kai tsaye, wato hukuncin Musulmin da ya taimaki kafirai a yaƙi da Musulmi. Shehu, bisa fahimtarsa ga fatawar Magili, ya tafi a kan kafirta shi. Abdullahi a Liya'us Sulɗani ya rarrabe: in ya taimake su ne a kan kafircinsu, ya kafirta, in kuwa don wata bukata ta duniya ce, saɓo ne babba, bai fita daga Musulunci ba. Bambancin ba na baki ba ne, domin a kansa ake gina halascin bautar da mutum da cin dukiyarsa. Masu ɗaukar bindiga a dazuzzukanmu yau suna kafirta duk wanda ya yi aikin gwamnati, wasunsu har suna jingina kansu ga mutanen Sakkwato, ya kamata a tambaye su ko sun karanta wannan babi.

Daga waje ma an yi musu. Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya rubuto yana tambayar da wane dalili ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana cewa saɓo ba ya kafirtarwa. Har ya zarge su da wulaƙanta littattafai. Bello ya amsa, a kan littattafan ya ba da labarin wani gari da anka ci, ya ga iska na kwasar warƙoƙi, ya bi yana tsincewa har ya gaji, ya tsawata wa mutanensa. Duk wanda ya taɓa jera warƙoƙin tsohon kundi da sunka hargitse yana bin kalmar da ke ƙasan shafi don gano mai bi mata ya san abin da iskar nan ta tafi da shi. Abin lura shi ne Bello ya kwafe wasiƙun abokin gabarsa cikin Infaƙul Maisuri a 1812 da hujjojinsu, bai ƙone su ba, ta hannunsa muke karanta su.

Shehu kuma bai sa an rufe bakin ƙanensa ba. Ya amsa masa da littafi, a Misbahu li Ahli Hazal Zamani da Najmul Ihwani, inda ya sassauta a kan ganguna da tufafi da laƙubban sarauta, yana nuna cewa abin da malamai sunka saɓa a kansa ba a tsananta inkari a cikinsa. A Najmul Ihwani ɗin nan ne kuma ya umurci ɗalibai su lazimci littattafan Abdullahi don tsayuwarsa a kan zahirin shari'a. A 1812 da ya raba kula da ƙasa, ya ba shi yamma, ya ba Bello gabas. Shekara biyar ke nan bayan dajin giwaye.

Ba kowane mai saɓani ya sami wannan ƙarshe ba. Malam Abdussalami, Ba'are, wanda harin da anka kai wa mutanensa a Gimbana yana cikin abin da ya kunna yaƙin tun farko, shi ma ya yi kukan zalunci da ƙwace da rashin adalci a rabon ƙasa, kuma wani sashe na kukansa bai yi nisa da na Abdullahi ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya yi wa Bello tawaye daga Kware, ya haɗa kai da waɗanda ke gaba da Sakkwato. An yi ta musayar wasiƙu, Bello ya tattara su a Sardul Kalami, daga ƙarshe anka ci Kware, ya fita da rauni ya rasu a Bakura a farkon 1818. Ragowar mutanensa sunka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, sunka gagari Abdullahi. A lokacin akwai sanyi tsakaninsa da ɗan wansa, domin da Shehu ya rasu ya taho Sakkwato ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an rufe ƙofa. Bello ya zo da runduna ya taimake shi anka ci garin, a nan sunka gamu, Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Ya rayu bayan haka yana karantarwa da rubutu a Gwandu har ya rasu a 1245, wato 1829.

Warƙar da ke biye ita ce farkon ƙasidar, za mu koma ga fassarar kalmominta baiti baiti, in Allah ya so.